Kafin baƙo ya karanta kalma ɗaya, ido ya riga ya yanke wa shafinka hukunci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, dan Allah ɗan fili nake roƙo in yi magana a kan wani abu da naga kamar an raina shi alhali yana jawo wa mutane asara ba tare da sun sani ba, wato kamannin shafin intanet, yadda yake bayyana a idon mutum a daidai lokacin da ya buɗe shi karon farko. Yanzu ai kowa ya buɗe shafi, kamfani na da shi, makaranta na da shi, asibiti, ƙungiya, jarida, ma'aikatar gwamnati, amma in ka saurari masu shafukan nan zaka ji duk damuwarsu a kan abun da za a rubuta ne, tarihin kamfani, jawabin shugaba, manufofinmu da sauransu, da zarar an zo maganar tsari da kala da girman rubutu sai a ce ai wannan ado ne kawai, a bar wa yaron da ya iya kwamfuta ya yi yadda ya ga dama. Toh ni dai a ganina nan ne ake tafka kuskuren, saboda duk rubutun nan da aka sha wahala a kansa babu mai karanta shi sai in kallon farko ya bari.

Kuma ba hasashe nake yi ba. A shekarar 2006 wata malama mai suna Gitte Lindgaard da abokan aikinta a Jami'ar Carleton da ke Ottawa a ƙasar Kanada sun yi wani gwaji, suka riƙa haska wa mutane hoton shafukan intanet a sikirin na ɗan lokaci kaɗan sannan hoton ya ɓace, sai a ce mutum ya ba shafin maki, ya burge ka ko bai burge ka ba. Suka rage lokacin har ya koma kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa guda, ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo wlh, amma abun mamaki makin da mutane suka bayar a wannan ɗan lokacin ya zo kusan daidai da wanda aka bayar da aka bari aka kalli shafin na lokaci mai tsawo fiye da haka. Kaga kenan kafin ƙiftawa da bismillah an gama, mutum bai karanta sunan kamfanin ba ma balle jawabin shugaba, amma zuciyarsa ta riga ta karkata gefe guda.

Da a ce hukuncin ya tsaya a kan kyau ko muni ne kawai, da da sauƙi. Matsalar ita ce baya tsayawa a nan, yana yaɗuwa ya shafi komai. Tun a 1920 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Edward Thorndike, ya lura cewa in aka ce manyan sojoji su auna na ƙasa da su, wanda suka ga yana da kyan jiki da tsayuwa sai su ba shi maki mai yawa a basira da iya jagoranci da kyan hali duka, kamar dai abu ɗaya mai kyau ya lulluɓe sauran. Haka abun yake a na'ura ma. A 1995 wasu masu bincike biyu na kamfanin Hitachi a Japan, Kurosu da Kashimura, suka tsara fuskar injin cire kuɗi na ATM iri 26 suka nuna wa mutum 252, sai aka ga wanda mutane suka ce ya fi kyau shi ne kuma suke cewa zai fi sauƙin amfani, ko da kuwa a zahiri ba haka bane. Wani malami a Isra'ila, Noam Tractinsky, bai gamsu ba, a tunaninsa ai wannan halin Japanawa ne da son ƙawa, mutanen ƙasarsa ba ruwansu da ado aiki kawai suka sani, sai ya maimaita gwajin a can, sakamakon da ya wallafa a 1997 ya nuna abun ma ya fi ƙarfi a wajensu. Ni wannan labarin yana bani dariya, saboda duk wanda ka tambaya zai ce maka shi kam kwalliya bata ruɗarsa, sauran mutane ne dai take ruɗa.

Sai kuma maganar yarda, wadda ita ce ta fi damuna. A 2002 wata tawaga a Jami'ar Stanford ƙarƙashin B.J. Fogg ta sa mutum 2,684 suka duba shafuka 100, na lafiya, na labarai, na harkar kuɗi, na tafiye-tafiye da sauransu, aka ce su faɗi wanne suka fi yarda da shi kuma me yasa. Mutum zai ɗauka za su ce sun duba waye mai shafin, ko daga ina bayanan suka fito, ko akwai adireshi. Ina! Abun da aka fi ambata, a kashi 46.1 cikin 100 na bayanan da suka rubuta, shi ne kamannin shafin, na biye da shi kuma yadda aka jera bayanai. A Birtaniya ma Elizabeth Sillence da abokan aikinta na Jami'ar Northumbria sun bi wasu mata 15 da suka kai shekarun ɗaukewar al'ada suna neman shawarar lafiya a intanet, binciken ya fito a 2004, da aka tattara dalilan da suka sa matan suka ƙi yarda da wani shafi suka fice, kashi 94 cikin 100 a kan tsari ne, cunkoso, ƙananan rubutu, talla mai faɗowa, kala marar daɗin kallo, jinkirin buɗewa. Amma shafukan da suka tsallake wannan matakin, su kuma abun da ke rubuce a ciki ne ya sa aka amince da su. Mata 15 ba yawa bane na sani, bazan ce a ɗora duniya a kai ba, amma darasin a fili yake, tsari ke sa a kore ka, rubutu ke sa a riƙe ka, kuma korar ce ke fara zuwa. Ka duba fa, likita na gaskiya zai iya rubuta shawarar da za ta ceci rai, amma saboda shafinsa ya yi kama da allon talla sai mara lafiya ya tafi wajen wanda bai san komai ba amma ya iya jera hotuna.

Toh a nan ne kuma wasu ke fahimtar maganar a baibai. Da zarar ka ce musu kamanni na da muhimmanci sai su ce ba matsala, a ƙaro kala, a sa rubutu mai gudu a sama, a sa hotuna masu juyawa da kansu, a sa agogo a gefe, a sa tauraro mai ƙyalli da aka rubuta sabo a kansa, wani ma har da kiɗa da zai tashi da kansa ya kunyata ka a cikin jama'a. Wallahi wannan ba gyara bane ɓarna ce. A 2012 masu bincike na Jami'ar Basel a Suwizalan tare da na kamfanin Google sun gwada abubuwa biyu, na farko yawan tarkacen da ke kan shafi, na biyu kuma yadda shafin ya yi kama da abun da mutane suka saba gani a irin wannan fannin. Shafukan da suka fi samun yabo su ne marasa tarkace kuma masu kama da abun da aka saba, sannan sun gano cewa ko da kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa aka nuna shafi, cunkoso ya riga ya fara tasiri a hukuncin mutum. Dalilin ba wani boyayye bane, ƙwaƙwalwa bata son wahala, abun da ta gane cikin sauƙi sai ta ji daɗinsa, jin daɗin nan kuma shi muke fassarawa da cewa shafin yana da kyau, ko masu shi sun san aikinsu. In kuma ido ya shiga ya rasa inda zai sauka, abu goma na kiransa lokaci guda, sai mutum yaji wata irin gajiya da takura da bai san daga ina suka zo ba, yatsa ya koma kan maɓallin komawa baya shikenan.

Maganar sabo ɗin nan ina so masu son a ce sun zo da sabon abu su ji ta da kyau. Jakob Nielsen, wanda ya daɗe yana nazarin yadda mutane ke amfani da shafuka, yana da wata ƙa'ida da ake yawan ambata, cewa baƙonka mafi yawan lokacinsa a shafukan wasu yake ƙarar da shi ba a naka ba, don haka da tsammaninsa yake zuwa. Ya saba tambarin kamfani na sama, in ya taɓa shi ya mayar da shi shafin farko, ya saba wajen bincike na da alamar gilashin ƙara girma, kwandon sayayya na can sama a kusurwa, lambar waya da adireshi na ƙasa. Kai kuma don nuna gwaninta ka ɓoye menu a wani lungu sai mutum ya yi ta lalube, kana ganin ka burge, shi kuwa baƙo gani yake ko dai shafin ya lalace ko kuma shi ne bai waye ba, kuma babu wanda ke son abun da zai sa ya ji kamar bai waye ba. Shi dai Nielsen ɗin a 2006 ya bi motsin idon mutum 232 da na'ura, ya ga yawanci ba karatu suke yi ba, ido na share layin sama, ya ɗan sauko ya share rabin wani, sannan ya gangara ta gefen hagu, kamar zanen harafin F a rubutun da ake farawa daga hagu. Wato in abun da ya kawo mutum na can ƙasa a sakin layi na shida bayan an gama gode wa shugaban hukumar gudanarwa, to ka ɗauka babu shi.

Wani zai ce to ai ga Wikipedia nan ba wani ado, ga shafin farko na Google fari fat da akwati ɗaya a tsakiya, kuma duniya na tururuwa. Ai wannan hujjata ce ba taka ba malam. Rashin tarkacen nan shi ne tsarin, da gangan aka yi shi, Google ɗin da kake gani kamar ba su damu da kala ba an taɓa gwada launin shuɗi har iri 41 a can don a ga wanne mutane suka fi dannawa, har wani babban mai tsara musu shafi, Douglas Bowman, ya ambaci hakan cikin abubuwan da suka ishe shi da zai bar kamfanin a 2009. Misalin da ya fi burge ni kuwa shi ne shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, da aka buɗe a 2012, baƙin rubutu a kan fari, manyan haruffa, kusan babu hoto, kana shiga abun da zaka gani shi ne hidimomin da mutane ke nema, fasfo, haraji, lasisin tuƙi, ba fuskar minista ba. A 2013 gidan adana kayan zane na Landan ya ba shi kyautar zanen da ya fi kowanne a shekarar, ya doke har wani dogon gini na Landan mai suna Shard. Shafin gwamnati fa, wanda a ko'ina aka san su da hoton manya sun cika rabin sikirin suna yanka ƙyalle.

Sannan akwai abun da masu shafi ke mantawa kwata-kwata, shi ne a ina baƙon yake kallon shafin. Wanda ya tsara yana zaune gaban ƙatuwar kwamfuta da intanet mai gudu, ya nuna wa oga a nan, oga ya ce madalla ya yi kyau a sake shi, alhali kamfanin StatCounter mai ƙididdigar masu shiga intanet ya ba da rahoton cewa tun a watan Oktoban 2016 shiga intanet ta waya da tablet ya zarce na kwamfuta a duniya, kashi 51.3 cikin 100. A waya kuwa shafin nan mai kyau sai ya koma wani abu daban, rubutu ƙanana kamar tururuwa sai ka buɗa da yatsu biyu, kana ja dama kana ja hagu kafin ka gama layi ɗaya, maɓallai sun matse da juna ka nufi wannan ka danna wancan. Kuma maganin nan ba sabo bane, tun 2010 Ethan Marcotte ya yaɗa salon gina shafi da zai riƙa daidaita kansa da girman sikirin, yau shekara nawa kenan, don haka duk wanda ya karɓi kuɗin mutane ya miƙa musu shafin da baya zama daidai a waya gaskiya bashi da uzuri.

Ga kuma nauyi. Kallon farko na shafi mai nauyi ai ba kala bane ba hoto bane, farin sikirin ne da wani abu yana ta juyawa yana lodin, kuma shi ma hukunci ake yanke masa. Wani bincike da Google ya fitar a 2016 ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu shiga ta waya na ficewa in shafi ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba, kuma a ma'aunin da kamfanin ya fito da shi a 2020 ana so babban abun da ke kan shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Meye ke jawo nauyin? Yawanci adon nan ne dai, hoto an ɗauko shi daga kyamara yadda yake ba a rage masa nauyi ba, bidiyo na tashi da kansa a baya yana cinye wa mutum data ba da izininsa ba, salon rubutu kala biyar kowanne sai an sauke shi. Akwai kuma wani abun haushi da kowa ya sani, ka fara karatu ko ka kai yatsa zaka danna wani abu, sai wani hoto ko talla ya gama lodin ya ture komai ƙasa, ka tsinci kanka a shafin da baka nufa ba. Mutum ko bai san sunan wannan matsalar ba ya san yaji haushi, kuma a kan mai shafin zai ɗora.

Talla mai faɗowa kuwa ban san ta ina zan fara ba. Ka shigo ko gaisawa ba a yi ba, akwati ya tare ka wai ka bada imel ɗinka, ka rufe wani ya fito wai ka yarda a riƙa turo maka sanarwa, ka rufe wani ya ce ka sauke manhajarmu, alamar rufewar kuma an maƙale ta ƙarama a lungu da kala mai dishi-dishi don kar ka gani. Hausawa dai sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, toh wannan wace irin tarba ce? Mutumin da ya rubuta lambobin kwamfuta na irin wannan talla tun ƙarshen shekarun 1990, Ethan Zuckerman, da kansa ya fito a 2014 ya nemi afuwar jama'a, Google ma daga Janairun 2017 ya fara rage wa shafukan waya masu tare fuska da irin wannan akwati matsayi a sakamakon bincike. Na san jaridu da sauran shafuka da talla suke rayuwa, ba cewa nayi a daina ba, amma akwai bambanci tsakanin ajiye talla a gefe da kuma cusa wa mutum ita a ido. Wani abun ma da zai ba masu shafi mamaki, tun 1998 Benway da Lane na Jami'ar Rice suka nuna cewa mutane sun koyi kauda ido daga duk abun da ya yi kama da talla, ko da kuwa ba talla bane. Wato sanarwarka mafi muhimmanci da ka sa a ƙaton akwati ja mai walƙiya don kowa ya gani, ita ce ido zai fara tsallakewa.

Kala da rubutu su ma ba son rai bane kawai. Yanzu an shigo da yayin rubutu ruwan toka mai haske a kan fari wai shi ne wayewa, matashi mai lafiyar ido a cikin ɗaki zai karanta, amma dattijo fa, ko wanda ke tsaye a rana sikirin na ƙyalli? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, ba ƴan kaɗan bane da za a ce a manta da su. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta sa ma'auni, bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bayansa ya kai aƙalla 4.5 a kan 1, kuma akwai manhajoji kyauta da za su auna maka cikin minti ɗaya. Akwai kuma masu matsalar bambance ja da kore, a cikin Turawa kusan namiji 1 cikin 12, in fom ɗinka da kala kaɗai yake nuna an yi daidai ko an yi kuskure to su ka bar su a duhu. Haka salon haruffa, duk harshen da ke da haruffa na musamman yana shan wannan wahalar, a zaɓi salo mai kyau amma babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa, sai kaga harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma kamar an aro shi, ko ma ya koma ɗan akwati, kanun labari guda ya lalace, mai karatu kuwa bazai ce laifin salon haruffa bane, cewa zai yi mutanen nan basu damu da aikinsu ba.

Ba wai ina cewa kala ɗaya ce ta dace da kowa ba fa. Katharina Reinecke da Krzysztof Gajos sun tattara ra'ayin mutum kusan 40,000 daga ƙasashe da yawa a wani bincike na 2014, suka ga son yawan kala da yawan kaya a shafi na bambanta da shekaru, jinsi, ilimi da kuma ƙasar da mutum ya fito. Don haka duk mai ce maka shuɗi na nufin amana ja na nufin haɗari a ko'ina a duniya, ka ɗan yi taka-tsantsan da shi. Abun da baya canzawa shi ne mutum na son ya iya karantawa, ya gane ina ya shigo, ya ga inda zai danna.

Yanzu bari in juyo kanmu mu masu shiga, don maganar nan kaifi biyu gare ta kuma wannan ɓangaren ne ma yasa na ɗauki alƙalami. In har ido na yanke hukunci da sauri haka, kuma muna ɗora yarda a kan kamanni, to wa kuke ganin ya fi kowa sanin wannan? Ƴan damfara mana. Mai gaskiya na can yana cewa ai kayana za su sayar da kansu, shi kuwa macuci ya zauna ya kwafi shafin banki tsaf, tambari, kala, salon rubutu, komai, aikin da baya ɗaukar wani lokaci tunda duk hotunan na nan a fili kowa na iya saukewa. A 2006 Rachna Dhamija da abokan aikinta biyu, daga jami'o'in Harvard da Berkeley na Amurka, sun zaunar da mutum 22 suka nuna musu shafuka na gaske da na bogi, kuma an faɗa musu tun farko cewa akwai na bogi a ciki su nemo, amma duk da haka na bogin da ya fi kyau ya ruɗi kusan kashi 90 cikin 100 nasu. Shafin wani banki ne aka kwaikwaya, a adireshin shafin na intanet, wanda ke bayyana a saman sikirin, aka sa harafin v guda biyu a jere a madadin w, shikenan dabarar. Kusan kashi 23 cikin 100 na mutanen ko kallon wajen adireshi basa yi, abun da ke cikin shafin kawai suke dubawa, kuma ilimi ko shekaru ko yawan amfani da kwamfuta basu kare kowa ba. Kyan ɗan maciji kenan.

Har ɗan hoton kwaɗon rufe ƙofa ɗin nan da ke gefen adireshi da aka daɗe ana ce mana in kun gan shi ku saki jiki, shi ma ba shaidar gaskiya bane, abun da yake nufi kawai shi ne an sirranta hanyar da ke tsakanin wayarka da shafin, bai ce komai ba a kan ko mai shafin mutumin kirki ne, ɓarawo ma na samunsa, kyauta ma kuwa. Google sun yi bincike a 2021 suka ga kashi 11 cikin 100 ne kacal suka fahimci ainihin ma'anarsa, shi yasa a 2023 suka cire shi daga burauzar Chrome suka sa wata alama daban. Akwai kuma waɗanda ba ƴan damfara bane kai tsaye amma suna amfani da tsari su karkatar da kai, maɓallin na yarda ƙato mai kala, na ban yarda ba kuma ɗan siriri a ɓoye, ko agogo mai ƙirgawa wai saura minti biyar rangwame ya ƙare, gobe ka dawo ka tarar da minti biyar ɗin na nan. Wani ɗan Birtaniya, Harry Brignull, tun 2010 yake tattara irin waɗannan dabarun yana fallasa su. Saboda haka in shafi ya nemi kalmar sirri ko lambar kati, dan Allah a bar kallon kyansa, a ɗaga ido sama a karanta adireshin harafi bayan harafi, in ta saƙo aka turo mahaɗar kuma gara a rufe a rubuta adireshin da hannu.

Su kuma masu shafi na gaskiya, gwajin da zan basu baya cin ko sisi. Ku nemi wanda bai taɓa ganin shafinku ba, ba ma'aikacinku ba kuma ba wanda zai ji nauyinku ba, ku miƙa masa a ƙaramar waya mai arha ba ta oga ba, ya kalla na daƙiƙa biyar ku karɓe, sannan ku tambaye shi shafin waye wannan, me suke yi, ina zaka danna in kana son kaza. In ya yi shiru yana sosa kai to kar ku yi masa bayani, baƙon gaske ai babu wanda zai tsaya a gefensa yana masa bayani, ku koma ku rage kaya. Ranka ya daɗe ina roƙon wannan jarida, in da hali, ta ɗan ware fili lokaci-lokaci ta riƙa sa hoton shafin gaske da na bogi gefe da gefe tana nuna wa masu karatu inda bambancin yake, musamman wajen adireshi, don da yawa sai sun gani da ido za su yarda cewa ana iya kwafar shafi har haka.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatu